Kayan Fada

Ranar Asabar da hantsi Likita Nu'uman ya shiga siton Alhaji Ghazali da ke bayan kasuwar Batha a birnin Riyadh don a auna masa kayansa, sai ya tarar kwali tara sun koma shida. Ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa. Shida dai.

Wata takwas ya yi yana tara kayan nan. Likita Musulmi ne ɗan Musulmi, amma a jami'ar da Fada-fadan Katolika 'yan ƙungiyar Jesuit suka kafa can gida ya yi karatu, kuma kyauta suka ƙarasa koyar da shi bayan rasuwar mahaifinsa. Da ya ji suna buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje, sai ya shiga bin abokan aikinsa a asibiti, wannan ya ba da littattafai, wancan ya ba da tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yan Najeriya kusan goma suka taru a gidansa suka ɗaure kayan don Allah, aka ci tuwo aka watse. Kwalayen littattafai shida suna nan lafiya lau. Ukun da ke ɗauke da madubai goma sha biyu su ne suka yi ɓatan dabo.

Kafin azahar bakin siton ya cika. Mutanenmu a Riyadh ba sa samun lokacin zuwa gaisuwar mara lafiya, amma a ce an yi sata, sai ka ga har direban da ke aiki can unguwar Ulaya ya ajiye motar maigidansa ya zo jin ƙwaƙwaf. Ba a fasa kwaɗo ba, na'urar ɗaukar hoto ta lungun kuwa ta mutu tun bara. Makulli biyu ne, ɗaya wurin Alhaji Ghazali mai shagon aika kaya, wanda sai daren jiya ya dawo daga Umra, ɗaya wurin Sabo ɗan dakonsa, wanda da shi aka ɗaure kayan, kuma shi ya jere su a sito. Ba wanda ya ambaci suna, amma duk idanu wuri ɗaya suka koma.

Zuwa wurin shurɗa, wato 'yan sanda, kuwa ba ta taso ba. A ƙasar nan tara taimako ba da izini ba ma tambaya ce, balle a ji na makarantar Kiristoci ne. Sai aka ce a kira Maiwada.

* * *

Maiwada gadi yake yi a wani gareji a unguwar Shifa, amma kafin ya zo Saudiyya shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata a dazukan Zamfara. Mutum ne mai son a yabe shi, wannan kam ba ya ɓuya. Shi ma da shi aka ɗaure kayan, har yana ta fankama ranar cewa manyan kwalayen kayan ƙarfe shi ya ɗaure su da hannunsa. Da ya iso ya kori kowa waje, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

Ƙasan siton ya gaya masa magana, kuma ya ji ta sarai. Jan kwalayen aka yi, ba ɗauka ba. Tsakanin kusurwa da ƙofa taki goma ne, amma mai jan ya tsaya hutawa sau biyu a kowane kwali, har ga inda ya dafa bango. Sannan a jikin salatif ɗin wani kwalin littattafai da ke kusa, ga wasu zarurruka farare masu kauri sun maƙale. Maiwada ya ɓamɓare su ya murza a yatsa. Zaren tawul ne, irin na harami.

Sabo ƙato ne, buhu biyu yake saɓawa a kafaɗa yana waƙa, me zai sa ya ja kwali? Wanda kowa ya san ciwon baya ya saka gaba kuwa, kuma ya dawo daga Makka jiya, yana tsaye a waje da sabon aski yana jan carbi. Alhaji Ghazali ne ya samo wa Maiwada biza shekara tara da suka wuce, a ɗakinsa ya kwana wata huɗu, shi ya kai shi asibiti lokacin da hawan jini ya kayar da shi. To me Alhaji zai yi da madubin likita? Maiwada ya ce a ransa wannan ai shirme ne, kowane shago a Batha ana sayar da tawul. Ya jefa zaren a aljihu.

Da ya fito aka yi masa caa. Ya gyara murya ya ce abin da ya gani shi ne ɓarawon ɗan gida ne, kuma ya san abin da ke cikin kowane kwali, tunda masu tsadar kaɗai ya zaɓa. Bai ƙara komai ba. Bai kuma buƙaci ƙarawa ba, don kowa ya gane wa ake nufi.

* * *

Ranar Lahadi magana ta kai kunnen kafilin shagon, Balaraben da sunansa ke kan takardu. Masu aika kaya sun fara janye nasu. Kafili ya ce shi ba ya son surutu, in kaya ba su fito zuwa Alhamis ba, zai soke iƙamar Sabo, takardar izinin zamansa, ya buga masa fita ba dawowa, khalas. Alhaji Ghazali ne ya kawo saƙon da bakinsa, idonsa a ƙasa. Mutane suka ce Allah sarki, dubi yadda abin ya taɓa Alhaji.

Ranar Litinin aka matsa wa Maiwada a je a duba ɗakin Sabo, ya kuwa je. Ɗaki ne na mutum shida a Shifa, gadaje hawa biyu, tukunyar shinkafa a kusurwa. Sabo ya rantse ya maya cewa tun da ya kulle sito ranar Juma'a bai koma ba sai da aka kira shi. Maiwada ya ce ya buɗe jakarsa. Sabo ya dube shi.

"Baba Maiwada, kai ma?"

"Buɗe dai, a wuce wurin."

Kwali uku a jakar hannu, don Allah! Ko mahaukaci ya san ba za su shiga ba. Amma aka zazzage ta a tsakar ɗaki gaban abokan kwanansa, ga 'yan kamfai, ga maganin basir, ga kayan jarirai da ya saya wa matarsa mai ciki. Wani ya yi dariya, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Sabo ya durƙusa yana ninke kayansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba hoton ya shiga zauren 'yan garinsu a waya, daga nan ya isa Gumel, wurin mahaifinsa, dattijon da ke limanci a unguwarsu.

Maiwada ya koma gareji ya kasa cin abinci. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi, amma ya ce wa kansa gajiya ce.

* * *

Ranar Talata ya tafi neman wani da zai ɗora wa laifin, don ya cire Sabo ba tare da ya taɓa Alhaji ba. Akwai Malam Almustafa, ɗalibin ilmi da ke koyar da yaran ma'aikatan ofishin jakadanci karatun Alƙur'ani. Shi ne tun farko ya ce bai ga dalilin da Musulmi zai yi wa makarantar Fada hidima ba alhali namu na kwance, ya kuma ƙi zuwa ɗaure kayan. Likita ya ba shi amsa a lokacin cewa rabin ɗaliban wurin 'ya'yan Musulmi ne, kuma shi ba a taɓa ce masa ya bar salla ba. Tun ranar gaisuwarsu ta ragu.

Almustafa ya karɓe shi a wani shagon shayi na 'yan Yaman. Bai ɓoye ba, ya ce ra'ayinsa na nan inda yake, amma ƙin taimako daban, sata daban, kuma ranar Asabar tun asuba yana gidan wani jami'i da yara bakwai, a je a tambaya. Ya ce shi ko kamannin kwalayen bai sani ba. Maiwada ya zaro waya ya nuna masa hoton da Hajiya Zahida matar Likita ta ɗauka ranar Juma'a, mutane sun jeru bayan kaya suna washe baki.

Almustafa ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, sai ya zabura har shayi ya zube.

"Subhanallahi! Kayan faɗa? Makamai kuke aikawa?"

"Wane irin makamai, Malam? Kayan Fada. Fada ɗin da zai karɓa a can."

"To ai ni faɗa na karanta. Wa ke sa wa ɗ lanƙwasa in yana rubutu? Kowa da kansa yake cikewa. Wane mai hankali ne ya rubuta wannan a ƙasar Saudiyya?"

Maiwada ya karɓi wayar ya zuba mata ido. Kwalaye shida Hajiya Zahida ta rubuta musu sunan jami'a da Turanci, da ɗan siririn rubutunta. Uku kuma ga su nan da jan alƙalamin maka, manyan baƙaƙe karkatattu kamar sawun kaza: KAYAN FADA. Su ukun nan ne suka ɓace. Rubutun kuwa nasa ne. Ya tuna yadda ya fizge makar daga hannun wani ranar, yana cewa a bar shi, shi ma ya yi yaƙi da jahilci.

Ashe ba mai zaɓen tsada ba ne ya shiga siton. Mai tsoro ne, wanda ba ya nan ranar da ake ta cewa kayan Fada, kayan Fada, wanda ya girgiza kwali ya ji ƙarfe na ƙara, wanda ya naɗe hannu da tawul don kada yatsunsa su taɓa. Maiwada ya sa hannu a aljihu ya taɓo zaren. Almustafa na tambayarsa ko lafiya, shi kuwa gumi ne ke karyo masa a ƙarƙashin na'urar sanyi.

* * *

Ranar Laraba da safe ya je shago shi kaɗai, don ya ba Alhaji ƙofar fita. Ya ce masa sawu ya nuna ba Sabo ba ne, kuma in wanda ya yi ya fito da kansa, abin zai zo da sauƙi. Alhaji ya zuba masa gahawa, ya tura masa dabino, ya tambayi hawan jininsa, ya tambayi ko yana shan magani a kan lokaci. Sannan ya ce Allah dai Ya bayyana gaskiya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Maiwada ya fito ya aika wa kowa cewa a haɗu a sito bayan la'asar.

Suka zo. Likita da Hajiya Zahida, Almustafa, Alhaji a kan kujerar roba da ɗamarar bayansa, da waɗanda suka je ɗakin Sabo ranar Litinin, don Maiwada ya ce lallai da su. Sabo ya tsaya can bakin ƙofa kamar baƙo, ya rame cikin kwana huɗu.

Maiwada ya yagi gefen wani kwali, ya rubuta kalmomin nan biyu, ya fita lungu ya tare wani Bahaushe mai sayar da turare da bai san komai ba, ya shigo da shi ya ce ya karanta da ƙarfi. Mutumin ya ce, "Kayan faɗa," ya ja da baya yana duban ƙofa. Aka ba shi haƙuri ya tafi. Wasu suka fara dariya, da suka ga fuskar Maiwada sai dariyar ta tsaya.

Ya ce laifin farko nasa ne, shi ya yi rubutun. Ya bayyana musu jan kwalin, da hutawa sau biyu, da dafa bango. Ya ce wanda ya ɗauke kayan bai yi niyyar sata ba, ya ɗauka wani ne ya cusa makamai cikin kayan Likita a sitonsa, a ƙasar da ake sare kai. Da ya ce sitonsa, idanu suka koma kan Alhaji. Ya ciro zaren ya ajiye a kan kwali.

"Wannan na harami ne. Tun ranar Asabar yake aljihuna. Na gan shi, na gane shi, na yi shiru, na je na zazzage jakar yaron mutane." Ya juya. "Alhaji, ka yi mini komai a duniya. Don Allah kada ka bari in ƙarasa da bakina."

Alhaji Ghazali ya kalli zaren. Sannan ya cire hula ya ɗora a gwiwa, sabon askin yana ƙyalli, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya ce bayan sallar asuba ya leƙo sito ya ga rubutun, ya girgiza kwali ya ji ƙarfe, hankalinsa ya tashi. Shi littattafan jami'a aka ce masa. Shekara talatin yana ƙasar nan ba a taɓa kiransa ofishin 'yan sanda ba. Ya ɗauko haraminsa a mota ya naɗe hannu, ya ja su ɗaya bayan ɗaya, ya kai su wani kangon gini bayan Shifa ya jefar, ko buɗewa bai yi ba. Sai da hantsi ya ji Likita na kururuwar ina kayan Fada, nan ya gane abin da ya aikata. Ya koma da azahar ya tarar an kwashe shara, ba ko kwali ɗaya.

Likita ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar. Alhaji ya ce kunya. Ya ce ya buɗe baki ya fi sau goma, sai ya hango yadda za a riƙa ba da labarinsa daga Batha har Kano, dattijo ya tsorata da madubi. Ya yi zaton maganar za ta mutu da kanta. Da kafili ya sa baki kuma sai ya ga ya yi nisa. Ya ce zai sayi madubai sababbi, zai kira kafili yanzu-yanzu. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa.

Waɗanda suka yi dariya ranar Litinin kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Likita ya ce a hankali madubi ana samun wani, shi ba madubi ke damunsa ba yanzu, shi ma ai da bakinsa ya ce a duba ɗakin. Alhaji ya kira kafili a gabansu, ya yi bayani da Larabci, aka ji Balaraben na ƙyaƙyata dariya ta waya, ya ce ba komai, Sabo ya ci gaba da aiki.

Sai aka juya wurin Sabo, kowa na jiran ya ce ya yafe a tashi. Alhaji ya miƙe da ƙyar ya nufo shi yana cewa ɗana, ɗana. Sabo bai miƙa hannu ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce iƙama ta dawo, ya gode. Amma tun ranar Litinin mahaifinsa bai fita ya ja salla ba, ya ce ba zai tsaya gaban mutane ba alhali ana nuna hoton ɗansa ana cewa ɓarawo a ƙasa mai tsarki. Ya kira shi sau ashirin, tsohon ya ƙi yarda ya ji muryarsa.

Ya danna waya, ya wuce Alhaji, ya tsaya gaban Maiwada.

"Ni ba zai saurare ni ba. Kai ya gani a hoton, Baba. Kai ke riƙe da jakar."

Maiwada ya karɓi wayar da hannu biyu. Ta yi ƙara sau huɗu, wata mace ta ɗauka, ya roƙe ta ta kai wa Malam, ya ce baƙo ne daga Riyadh. Aka ji tafiya, aka ji buɗe ƙofa, sannan wata tsohuwar murya a gajiye ta amsa sallama ta tambayi wane ne.

Maiwada ya durƙusa a kan siminti, kamar tsohon na gabansa.

"Malam, sunana Maiwada. Ni ne wanda ya zazzage kayan ɗanka. Ɗanka bai ɗauki komai ba, kuma tun kafin in buɗe jakar na sani."